Ƙodar Ɗanasabe

Sunansa na yanka Awaisu, amma tun yana goye ba wanda ya kira shi da shi. Ranar Asabar aka haife shi a Ƙarfi, kakarsa ta ce Ɗanasabe, sunan ya bi shi har furfura. Mahaifinsa, Malam Murtala, manomin auduga ne a zamanin da auduga ke da daraja. Da ya rasu ya bar masa gonar tudu guda, da wata 'yar fadama a bakin rafi wadda ba wanda ya yi jayayya a kanta wajen rabon gado.

Da ya zama saurayi ya yi shekaru yana zuwa Funtuwa cin rani, yana ɗaukar dilar auduga a wani kamfanin gurza. A can ya saba da cimar leburori, shinkafa da wake da mai da yaji, a barbaɗa gishiri har sai ya fito a baki. Da aikin ya ja baya ya tattara ya dawo gida, ya auro Shafa'atu daga Bakori, ya juya ga fadamar nan. Ya haƙa rijiya, daga baya ya sayi injin ban ruwa. Tumatir ne babban abin da yake nomawa, sai alayyafo da dankalin Hausa, a gefe kuma ya dasa ayaba 'yan gindi kaɗan don inuwa. Allah ya ba su 'ya'ya mata uku da suka rayu. Babbar, Amatullah, ta yi aure a Kaduna, sauran biyun suna aure nan kusa.

Mutum ne marar yawan magana. Idan ya zauna a majalisa sai a manta yana nan, har sai an zo batun tsutsar tumatir ko lokacin dashe, sannan a juyo gare shi.

Ya ɗan haura arba'in da biyar sa'ad da ciwon ƙeya ya fara damunsa. Wata rana yana alwala haɓo ya ɓalle masa, Shafa'atu ta matsa masa sai da ya je asibitin gari. Malam Mannir, ma'aikacin lafiyar da ke wurin a lokacin, ya ɗaura masa abin awo a dantse, ya duba, ya sake dubawa, ya ce hawan jini ne, kuma ya hau sosai. Ya aika shi Malumfashi aka gwada jini da fitsari, aka ce ƙodarsa lafiya lau. Sai ya ba shi ƙwayar da zai riƙa sha kullum, ya zaunar da shi ya yi masa bayani.

Ya ce gishirin da mutum ke ci, ƙoda ce ke fitar da rararsa ta fitsari. Idan ya yi yawa, jiki sai ya riƙe ruwa, jini ya cika jijiyoyi, ya hau. Amma akwai wani sinadarin a cikin ganye da tumatir da ayaba da dankali da wake, ana ce masa fotasiyam, wanda idan mutum ya ci shi da yawa, ƙoda tana ƙoƙarin fitar da shi sai ta saki gishiri ya bi shi waje. Wanda kuma ba ya samun wannan sinadari, ƙodarsa sai ta ƙanƙame gishiri. Saboda haka ya rage gishiri da dunƙule da kanwa, ya yawaita abin da yake nomawa da hannunsa.

Ɗanasabe ya dawo gida ya faɗa wa Shafa'atu. Ita kuwa mace ce da ba ta yin abu rabi da rabi. Ta ajiye kanwa gaba ɗaya, ta koma abin da ta ga kakarta tana yi a Bakori: ta ƙona karan dawa, ta tsiyaye tokar a tsohuwar ƙwarya mai huji, ta riƙa sa ruwan tokar a miyar kuka da ɗanwake. Gishiri sai ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauko. Da farko abincin bai yi masa daɗi ba, amma kafin damina ta zagayo bakinsa ya saba. Ciwon ƙeyar ya tafi. Duk sa'ad da ya je awo, Malam Mannir yakan ce da sauran masu hawan jinin garin suna jin magana kamarsa da ya huta.

Wannan abu ya shiga ransa fiye da yadda kowa ya zata. Mutumin da ba ya magana ya zama mai ba da shawara. Maƙwabcinsa na fadama, Ummaru, da shi ma aka ce yana da hawan jini, Ɗanasabe ne ya zaunar da shi a gindin ayaba ya maimaita masa duk abin da aka gaya masa, ya kuma riƙa tsinko masa alayyafo kyauta. Ummaru ya bi, ya ji daɗin jikinsa.

Shekaru suka wuce a haka, wajen goma ko fiye. Aka yi wa Malam Mannir canjin wurin aiki. Ɗanasabe bai saba da wanda ya gaje shi ba, kuma ciwon ƙeyar bai dawo ba, sai ya daina zuwa awo. Idan ƙwayarsa ta ƙare yakan ɗauki kwalin ya kai kemis a ba shi irinta. Abin da ke damunsa yanzu shi ne baya da gwiwa, don aikin fadama a duƙe ake yinsa. Akwai wani mai tallan magani a kan babur da ke bi ta bakin rafi da yamma, yana sayar da haɗin ciwon jiki a ƙulle cikin leda, ja da fari da rawaya. Kowane manomi a wurin yana sha. Ɗanasabe ya fara da ranar da aiki ya yi tsanani, daga baya ya zama kullum, wani lokaci safe da yamma.

Alamun sun zo a hankali, kuma kowace da abin da aka jingina mata. Fitsarinsa ya riƙa kumfa, ya ce ƙasar wurin ce. Takalminsa na roba ya fara matse shi da yamma, ya ce tsayuwa ce. Ƙaiƙayi ya dame shi, Shafa'atu ta canza sabulu. Abinci ya fita ransa, idan ya ga nama sai zuciyarsa ta tashi.

Da Amatullah ta zo hutun ƙaramar salla ta ga yadda mahaifinta ya rame a fuska ya kumbura a ƙafa, ta ce ai dole, mutum shekara da shekaru yana cin abinci lami. Da ta koma Kaduna ta aiko da wani gishiri a cikin roba mai murfi, wanda aka ce na masu hawan jini ne, yana da ɗanɗanon gishiri amma ba ya hawar da jini. Shafa'atu ta yi murna. Ta daɗe ba ta saki hannu a tukunya ba. Ɗanasabe ya ɗan ƙara loma a kwanakin, suka ɗauka sauƙi ne ya zo.

Abin ya same shi da hantsi, a tsakiyar ɗiban tumatir. Ya tsuguna zai buɗe wa ruwa hanya zuwa wani fangali, da ya zo miƙewa ƙafafun suka ƙi. Ba zafi, ba jiri. Ya dube su, suna nan a cikin laka kamar na wani. Ya dafa ƙasa, hannuwan ma suka lanƙwashe. Leɓɓansa suka yi nauyi. Ya zauna a cikin ruwan, yana kallon yadda yake wuce shi yana malala inda bai kamata ba, bai kira kowa ba. Ummaru ne ya lura injin yana ta aiki ba a juya ruwa, ya tsallako ya same shi.

Aka sa shi a motar da ta zo ɗaukar kwanduna, Ummaru ya shiga, aka biya gida Shafa'atu ta yafa mayafi ta shiga, aka nufi Funtuwa. A asibitin da suka je aka ɗebi jini, aka manna masa wasu wayoyi a ƙirji, wata na'ura ta fitar da doguwar takarda mai zane. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta duba zanen ta daina duk abin da take yi. Aka sa masa ruwa, aka yi masa allurai a jere, aka ɗora masa wani abin shaƙa a hanci. Zuwa la'asar yatsunsa sun fara motsi.

Sannan likitar ta ja kujera ta zauna, ta tambayi Shafa'atu abin da yake ci. Shafa'atu ta lissafa mata da ɗan alfahari, don ta san ba ta yi sakaci ba: ganye kullum, tumatir, dankali, wake, ayaba idan ta nuna, ba kanwa, ba dunƙule. Ta ciro robar gishirin daga jaka, don ta taho da ita saboda abincin jinya. Likitar ta karɓa ta karanta jikinta, ta ajiye a kan teburinta, ba ta mayar mata ba. Ta tambayi irin ƙwayoyin da yake sha, Ummaru ya ba da labarin mai babur.

Ta ce ƙodojinsa biyu sun kusa daina aiki. Hawan jini ya ci rabonsa, haɗin ciwon jikin nan ya ci nasa. Shawarar da aka ba shi tun farko daidai ce, kuma ita ta riƙe shi tsawon shekarun nan, amma shawara ce ta mai lafiyayyar ƙoda. Ƙoda mai lafiya duk fotasiyam ɗin da aka ci tana auna abin da jiki ke buƙata ta zubar da saura. Tasa ta kai inda ba ta iya zubarwa, sai ya taru a jini. Ƙwayar hawan jinin da yake sha ma tana sa jiki ya riƙe shi. Gishirin robar nan kuwa an rage masa gishiri na ainihi ne aka cike gurbin da fotasiyam. Idan ya yi yawa a jini, tsoka sai ta saki, kuma zuciya ma tsoka ce.

"Baba, ka san takin zamanin nan na kamfa," in ji ta. "Fotasiyam ɗin nan yana ɗaya daga cikin abubuwa ukun da ke cikinsa."

Ya gyaɗa kai.

Shafa'atu ta dubi robar gishirin a kan teburin. Sai can ta ce, "Ruwan toka fa?"

"Kina sa masa?"

"Shekara goma ke nan, ko fiye."

"Daga yau a daina. Toka kusan duk shi ne." Likitar ta dube ta. "Ba laifinki ba ne, Mama. Lokacin da kika fara, taimakonsa kike yi."

Shafa'atu ta ce to. Ta gyara wa mijinta zanen da aka lulluɓa masa, ta fita ta nemi inda ake alwala.

Da yamma Amatullah ta kira a wayar Ummaru tana kuka har maganarta ba ta fita. Aka kara wa Ɗanasabe wayar a kunne. Ya saurara har ta gaji, sannan ya ce mata ba komai, ta yi shiru, ta gaida maigidanta. Shi kansa ya yi mamakin yadda bai ji komai ba. Ya nemi tsoro a ransa bai samu ba, ya nemi haushi, na mai babur ko na kansa, shi ma babu. Abin da ya tuna kawai shi ne an bar injin a kunne, ya tambayi Ummaru ko wani ya kashe.

Aka tura su babban asibiti a Zariya don wankin ƙoda. Ranar farko suna zaune a kan benci ma'aikaciya ta fito ta kira Awaisu Murtala har sau uku, yana kallonta, sai da Shafa'atu ta taɓa shi. Aka kwantar da shi kusa da wata na'ura mai tsayin mutum, aka sa masa bututu a wuya. Ya ga jininsa ya fita ya bi ta cikin roba ya shiga na'urar ya dawo. Bai taɓa ganin jininsa da yawa haka ba. Ya yi ta kallo kamar yadda yake kallon ruwa a fangali, daga baya barci ya ɗauke shi. Bayan wasu makonni aka yi masa ɗan aiki a hannun hagu, aka haɗa jijiyoyi biyu don a riƙa sa allura a nan, aka ce kada ya ƙara ɗaukar abu mai nauyi da hannun.

Suka dawo Ƙarfi da sabuwar doka. Ba tumatir, ba ayaba, ba dankali, ba alayyafo, wake sai ɗan kaɗan can ba a rasa ba. Gishiri har yanzu ba shi, don ƙodar ba ta iya fitar da shi ma. Ruwan sha an ƙayyade masa, ɗan kofin silba ne Shafa'atu ke aunawa da shi. Idan za ta sa masa kabeji sai ta yayyanka ta jiƙa, ta tafasa ta zubar da ruwan, ta sake zuba wani. Abin da ya rage a tukunya ba launi ba ƙamshi. Takan ɗora masa a kan tuwon shinkafa ko na masara, ya ci rabi ya ture kwanon. Ba ta roƙonsa ya ƙara, shi ma ba ya cewa ya ƙoshi. Ƙishirwa ce kaɗai abin da yake ji sosai. A watan zafi yakan kurkure baki ya zubar, ya sake kurkurewa.

Mutane suka yi ta zuwa dubiya, kowa da abin da ya riƙo. Wani ya kawo kankana, wata ta kawo lemo da dabino, wani tsoho ya kawo jiƙon saiwa a galan ya rantse ya tashi mutum uku. Ɗanasabe yakan yi godiya, Shafa'atu ta kwashe ta kai wa maƙwabta, jiƙon kuma ta zuba a bayan ɗaki.

Ummaru ya zo wata rana bayan azahar ya zauna a zaure yana ta kewaye-kewaye. A ƙarshe ya ce tun ranar da abin ya faru bai ƙara cin ayaba ba, ya hana a sa masa ganye a miya, kuma ga ciwon kai ya dawo. Bai faɗi cewa Ɗanasabe ne ya ɗora shi a kan hanyar ba, amma maganar tana nan a tsakaninsu.

"Je ka a gwada ƙodarka," in ji Ɗanasabe. "Ni ban san taka ba."

Ummaru ya je Malumfashi aka gwada. Bayan kwana biyu ya dawo ya tsaya a bakin zaure, bai ko cire takalmi ba. Ya ce an ce ƙodarsa garau take, wai ya koma cin ganyensa da ayabarsa, ya rabu da haɗin mai babur, ya riƙa zuwa gwaji duk shekara. Yana faɗa yana kallon ƙasa kamar wanda ya yi laifi.

"Madalla," in ji Ɗanasabe. "Ka sare nonon ayabar can na bakin rijiya, ya isa."

Ya bar wa Ummaru fadamar ya riƙa nomawa suna raba amfani. Wani lokaci yakan taka a hankali har bakin rafi, ya zauna a kan kunya, ya ga an yi dashen da kyau ko an matse shi da yawa, ba ya gyara wa kowa. Daga baya ya daina zuwa. An ce ya riƙa zuwa wanki sau biyu a mako. Suka yi haka na wani lokaci, aka sayar da injin, aka sayar da gonar tudu, surukansa suka yi iya ƙoƙarinsu, mutanen masallaci ma suka yi. Sai ya koma sau ɗaya. Sai ya zama ranar da aka samu hali.

Idan an daɗe ba a je ba yakan gane da kansa. Leɓɓa su fara nauyi, ƙafa ta fara ja. Sai ya ce wa Shafa'atu, "Abin nan ya taru." Ita kuma ta ɗauki mayafi ta shiga gidajen 'yan'uwa. Ba sa tattauna abin da zai faru ranar da ta dawo hannu wofi. Da yamma sukan zauna a tsakar gida, tana tsince shinkafa, shi yana jingine da bango da rediyo a kusa da shi, ko an kunna ko ba a kunna ba.

A shekara ta biyu suka saba da wani direban bas, Shitu, mai jigilar Malumfashi zuwa Funtuwa. Shi ne ya ga wahalar da suke sha wajen shiga mota, ya ce duk ranar Talatar da za su tafi su sanar da shi, zai biyo ta ƙofar gida ya ajiye wa Baba gidan gaba, a Funtuwa kuma ya haɗa su da motar Zariya. Bai taɓa tambayar ciwon mene ne ba. Hirarsa duk ta ƙwallo ce da tsadar mai, Ɗanasabe kuma yana son hakan, don ba a buƙatar ya amsa.

Cikin damina, masara ta fara fitar da gemu, aka yi kusan mako uku ba a je ba. Amatullah ta kira ta ce an samu yadda za a yi, su shirya ranar Talata. Shafa'atu ta aika wa Shitu. Ranar Litinin da safe Ɗanasabe ya yi salla a zaune, ya fito zaure ya shimfiɗa buzunsa. Da ta kawo masa kunu ta same shi ya jingina da bango, idonsa a buɗe kaɗan, hannunsa a kan cinya. Ta kira shi, Malam, Malam. Ta ajiye kofin a ƙasa a hankali don kada ya zube, ta shafa masa ido, ta zauna kusa da shi na ɗan lokaci kafin ta leƙa ta kira maƙwabta.

Kafin azahar an kai shi. A wurin zaman makoki wasu suka ce takin zamani ne ya kama shi, wasu suka ce maganin feshi, wata tsohuwa ta ce hannu aka sa masa saboda albarkar fadamarsa. Shafa'atu tana jin su daga cikin ɗaki, ba ta gyara wa kowa ba.

Washegari da sassafe aka ji hon a ƙofar gida. Shitu ne, ba wanda ya tuna ya gaya masa. Ya ga tabarmi a shimfiɗe a waje da butoci a jere, ya kashe mota ya fito. Ummaru ya taso ya faɗa masa. Ya yi salati, ya tsuguna aka yi addu'a, ya ce a yi wa Mama gaisuwa. Ya ɗan tsaya yana juya makulli a hannu. Fasinjoji suna jira, wata mata mai goyo tana matse a kujerar baya, sai ya ce mata ta dawo gaba, ya tayar da mota suka wuce Funtuwa.